Na haddace kalmomin Ingilishi na diflomasiyya, amma ranar gwaji sun kunyata ni

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani matashi na unguwar Zariya a nan Maraɗi. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 26, na karanta fannin shari'a da Faransanci a jami'a a Yamai, kuma burina shi ne aikin jakadanci ko aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Wata takwas ke nan ina haddace kalmomin Ingilishi ashirin kowace rana daga wani jeri da na samu a waya. Kwanan baya wata ƙungiya ta kira ni gwajin aikin tafinta, aka ba ni wasiƙar da ke cewa hukumomi suna roƙon a ɗage wani taro, sai na juya 'demandent' zuwa 'demand'. Mai gwajin ya ce na mayar da roƙo ya koma umarni mai kama da barazana, kuma ban samu aikin ba. Mahaifina ya ce in bar wahalar banza in zauna masa a shago a babbar kasuwa. Shin in ci gaba ko in haƙura? Idan zan ci gaba, ta wace hanya?"

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ji zafin abin da ya same ka, domin wanda ya kwashe wata takwas yana tashi da asuba yana bitar kalmomi, sannan kalma ɗaya tak ta kayar da shi a gaban baƙi, dole zuciyarsa ta sosu. Amsata ita ce ka ci gaba, amma ka ajiye wancan jerin kalmomin tun yau, domin shi ne ya kai ka inda ka faɗi. Batun mahaifinka kuma zan zo kansa a ƙarshe, saboda a ganina maganarsa tana da wurin zama a cikin shirinka.

Kuskuren da ka yi sananne ne ga duk wanda ya taso da Faransanci sannan ya shiga Ingilishi da girmansa. Harsunan biyu suna da dubban kalmomi masu kama da juna a rubuce, kuma Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane. A Faransanci "demander" tambaya ce ko roƙo, wanda ƙarami zai iya yi wa babba ba tare da rashin ladabi ba, alhali "demand" a Ingilishi magana ce ta wanda yake ganin haƙƙinsa ne a yi masa abu, kuma ba ya jiran a ce masa a'a. Kalmar da ta dace da wasiƙarka ita ce "request". Irin waɗannan tarkuna suna da yawa a fagen da kake so. "Délai" wa'adi ne da aka ba ka, amma "delay" jinkiri ne. "Éventuel" abu ne da wataƙila ya faru wataƙila kuma ya ƙi, amma "eventual" abu ne da zai faru a ƙarshe, don haka tafintan da ya juya maganar yiwuwar janye sojoji da wannan kalma ya ɗora wa gwamnati alkawarin da ba ta yi ba. "Résumer" taƙaitawa ce, amma idan ka ji an ce ɓangarori biyu za su "resume talks", ana nufin za su koma teburin tattaunawa bayan sun tashi. Haka nan "prétendre" iƙirari ne, irin na ƙasar da ke cewa wani yanki nata ne, amma "pretend" yin kamar gaske ne alhali ƙarya ce, kuma ka san abin da zai biyo baya idan aka faɗa wa wakilin wata ƙasa haka a bainar jama'a. Jerin da ke cikin wayarka ba zai taɓa gargaɗinka game da waɗannan ba, saboda wanda ya tsara shi bai san cewa da Faransanci kake tunani ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauki Faransancinka a matsayin cikas, domin jari ne babba a hannunka. Faransanci ya daɗe yana zaman harshen diflomasiyyar Turai, kuma yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919, ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda aka rubuta da Faransanci da Ingilishi a matsayi ɗaya, tana cikin alamomin farko na shigowar Ingilishi wannan fage da ƙarfi. Shi ya sa har gobe jami'in Ingila ko na Najeriya yake cewa "chargé d'affaires", "note verbale", "communiqué", "attaché", "démarche" da "détente" a tsakiyar Ingilishinsa. Ɗalibin Kano sai ya zauna ya koyi waɗannan, kai kuwa ka same su a gida. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da harsunan hukuma shida, amma sakatariyarta da Ingilishi da Faransanci take aiki, kuma Kotun Duniya da ke birnin Heg ita ma da su biyun take shari'a.

Abu mafi muhimmanci da nake so ka fahimta shi ne cewa a diflomasiyya sanin ma'anar kalma rabin aiki ne, sauran rabin kuma sanin nauyinta ne. Wannan ba baƙon ilimi ba ne gare ka. Duk wanda ya taɓa raka dattijo fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ko ya zauna inda manya suke sasanta ma'aurata ko rikicin gona, ya san bambancin da ke tsakanin "mun ji", da "za mu duba", da "mun yarda", da "a je a yi haka". Wanda aka ce wa "mun ji" ya fita yana murna, bai san fada ba. Daidai wannan tsani ne yake cikin ƙudurorin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan kwamitin ya ce "takes note of" game da wani rahoto, to "mun ji" ke nan, bai yaba ba bai kushe ba. "Welcomes" ya fi shi ɗumi, "endorses" kuma ɗaukar abin ne a matsayin nasa. A wajen nuna rashin jin daɗi, ana tashi daga "expresses concern" a hau "deplores", a hau "condemns", a kai "strongly condemns", alhali gidajen rediyonmu sukan tattara su duka su ce an yi Allah wadai. A wajen neman a yi abu kuma akwai "invites", da "calls upon", da "urges", da "demands" ɗin da ta kayar da kai, sannan "decides", wadda lauyoyi suka fi zuba wa ido, musamman idan kwamitin ya ce yana aiki ne a ƙarƙashin Babi na 7 na Kundin Majalisar, domin Sashe na 25 na kundin ya wajabta wa ƙasashe karɓa da aiwatar da hukuncin kwamitin. Jakadu sukan kwana suna ja-in-ja a kan wace daga cikin waɗannan za a sa, kuma wakilan Nijar sun zauna a wannan teburi a 1980 zuwa 1981, suka sake zama a 2020 zuwa 2021.

Bari in ba ka misalai biyu da suka nuna cewa ƙaramar kalma tana iya rinjayar babba. Bayan yaƙin 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 242 a ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekarar. Rubutun Ingilishi ya yi maganar janyewar sojojin Isra'ila "from territories occupied", babu "the" a gaban "territories", shi kuwa na Faransanci ya ce "des territoires occupés". Masu goyon bayan Isra'ila suka riƙe na Ingilishi suna cewa ba a ce dukkan yankunan ba, Larabawa da masu goyon bayansu kuma suka riƙe na Faransanci da sauran sassan ƙudurin suna cewa dukkansu ake nufi. Fiye da shekara hamsin ke nan ana wannan muhawara a kan haruffa uku. Na biyun ya faru ne a Paris a ranar 12 ga Disamba 2015, sa'o'i kaɗan kafin a amince da yarjejeniyar sauyin yanayi, lokacin da wakilan Amurka suka ga an rubuta "shall" a wani sashe da ya shafi rage hayaƙin ƙasashe masu arziki, a wurin da suke tsammanin "should". Ta farko wajibi ce a shari'a, ta biyun kuwa abin da ya kamata ne kawai, kuma sai da aka mayar da ita "should" kafin taron ya kammala. Babu jerin kalmomin diflomasiyya da zai sa maka "the" ko "shall", domin ana ganin yaron da ya shiga aji ɗaya na kwaleji ya san su.

Saboda haka ka riƙa koyon kalmomi a cikin danginsu, kana tambayar abin da ya raba wannan da ƴar'uwarta. A Hausa mukan ce tsagaita wuta ga abubuwa da dama da Ingilishi ya rarrabe. "Humanitarian pause" ɗan tsaiko ne na sa'o'i ko kwanaki domin a shigar da abinci da magani ko a fitar da masu rauni. "Truce" dakatawa ce wadda sau da yawa ta wucin gadi ce. "Ceasefire" yawanci yana zuwa da sharuɗɗa rubutattu da masu sa ido. "Armistice" yarjejeniya ce ta daina faɗa gaba ɗaya tsakanin rundunoni, amma ba ta kai yarjejeniyar zaman lafiya ba, kuma shi ya sa ake cewa yaƙin Koriya bai ƙare a hukumance ba, tun da abin da aka sa wa hannu a ranar 27 ga Yuli 1953 "armistice" ne. Haka abin yake ga abin da muke kira sulhu ko shiga tsakani. Ka buɗe Sashe na 33 na Kundin Majalisar, za ka tarar an jera hanyoyin warware rikici cikin lumana a jimla ɗaya, daga "negotiation" da "enquiry" da "mediation" da "conciliation" har zuwa "arbitration" da "judicial settlement". Mai "mediation" yana kawo shawara ne, ɓangarorin su karɓa ko su ƙi, amma wanda aka kai wa "arbitration" hukunci yake yankewa da ya hau kan kowa, kamar yadda kotu take yi. Da Nijar da Benin suka kasa daidaitawa a kan iyakarsu ta kogi da tsibirin Lete, sai suka amince su kai maganar Kotun Duniya, wadda ta yanke a ranar 12 ga Yuli 2005 cewa Lete na Nijar ne. Wannan hukuncin yana nan a harsunan biyu, kuma ga mai digirin shari'a irinka, karanta shafi goma daga cikinsa ya fi haddar wata guda amfani.

Akwai dangi ɗaya da ya shafe mu kai tsaye a wannan jiha. Tun 2019 mutane suke tsallakowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, a lokaci guda kuma wasu ƙauyukanmu na bakin iyaka sun tashi sun koma ciki. A bakinmu dukkansu ƴan gudun hijira ne. A takarda kuwa wanda ya ƙetare iyakar ƙasa shi ne "refugee", kuma yarjejeniyar 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 suke kare shi, wanda bai ƙetare ba kuma "internally displaced person" ne, yana ƙarƙashin yarjejeniyar Kampala ta 2009 da dokar da Nijar ta kafa a 2018. "Migrant", kamar ɗan ci-rani, kuma wani abu ne dabam. Tafintan da ya cakuɗa waɗannan yana iya sa a rubuta sunan mace mai goyo a rajistar da ba tata ba, kuma wannan ya fi faɗuwa gwaji muni nesa ba kusa ba.

Sai kuma kalmomin da suke ɗauke da ɓangare a cikinsu, waɗanda a nan ne nake so ka fi taka tsantsan. Kai shaida ne ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga watan, aka rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, farashin kaya ya tashi a kasuwar da mahaifinka yake ciniki, har zuwa 24 ga Fabrairu 2024 da ƙungiyar ta sanar da ɗage shi. A rubuce-rubucen Ingilishi na wancan lokaci, wani ya ce "junta", wani "military authorities", wani "transitional government", wani kuma "de facto authorities", kuma mutane ɗaya ake nufi, amma kowace kalma tana faɗa maka inda mai rubutun ya tsaya. Haka "regime" da "government", haka "rebels" da "insurgents" da "terrorists" da "armed groups". Aikin tafinta shi ne ya ɗauko kalmar mai magana da nauyinta yadda take, kada ya ƙara mata gishiri don ra'ayinsa, kada kuma ya sassauta ta don tsoro. Ka nemo sanarwar bayan taron CEDEAO ta 30 ga Yuli 2023 da Ingilishi da Faransanci ka karanta su kafaɗa da kafaɗa. Tun da ka rayu cikin abin da take magana a kai, kalmominta za su zauna maka daram. A nan ne kuma za ka ga bambancin "suspension", wato dakatar da ƙasa daga ƙungiya, da "withdrawal", wato ficewa da kanta, irin wadda Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar a ranar 28 ga Janairu 2024, ta kuma tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025.

Game da yadda za ka tsara karatun, ka fara da Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, mai sassa 111, ka mayar da hankali kan Babi na 6 da na 7 da Sashe na 2, sannan ka wuce ga yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci, wadda sassanta 53 ne kawai, kuma a cikinta ne za ka haɗu da kariyar jakadu da "persona non grata" na Sashe na 9, wato jami'in jakadancin da ƙasar da yake zaune ta ce ba ta son zamansa. Dukkansu ana samun su kyauta a intanet cikin harsunan biyu, ka sauke su sau ɗaya ka huta da sayen data. Ka sami littafin rubutu ka raba kowane shafi gida uku. A gidan farko ka kwafi jimlar Ingilishi ko guntunta, kada ka kwafi kalma ita kaɗai, domin kalmomi suna da abokan tafiya: takunkumi ana "impose" ɗinsa, ana "ease", ana "lift", tsagaita wuta ana "broker" ɗinta, ana "violate", jakada ana "recall" ɗinsa ko a yi "summon" ɗinsa, kuma na farko ƙasarsa ce take kiransa gida, na biyu ƙasar da yake zaune ce take kiransa ya zo ya ji ƙorafi. A gida na biyu ka sa abin da rubutun Faransanci na hukuma ya ce. A gida na uku ka rubuta da Hausa yadda za ka bayyana wa mahaifinka, kuma wannan gidan shi ne alƙalinka, domin abin da ka kasa faɗa da Hausa har dattijo ya gane, ba ka riga ka fahimce shi ba, ka dai musanya kalmar Bature ɗaya da wata. Jimla biyar a rana sun ishe ka. A bayan littafin ka ware shafuka na musamman don kalmomin da suka yi kama da Faransanci suka saɓa masa, ka buɗe su da "demand".

Kunne da baki ma suna da haƙƙinsu. Jawaban shugabanni a Babban Taron Majalisar na kowane watan Satumba suna nan da murya da kuma rubutu, don haka ka zaɓi na wani shugaban Afirka mai magana da Ingilishi, ka saurara kana bin rubutun da ido, sannan ka rufe rubutun ka sake saurara. Ka sami aboki ɗaya mai irin burinka ku riƙa zama sau biyu a mako, ɗaya ya karanta sakin layi da Faransanci, ɗayan ya juya shi da baki nan take, ku ɗauki muryarku a waya ku saurara. Ingilishin da za ka ji a bakin ƴan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya zai sake maka harshe ya cire maka kunya, amma ka sani yawancinsa na ciniki ne, wani ma Burokan ne, kuma ba da shi ake rubuta wasiƙar hukuma ba.

Yanzu ga maganar mahaifinka. Ba zan yi maka alkawarin cewa aikin jakadanci yana jiranka ba, domin guraben kaɗan ne, masu nema kuma suna da yawa, kuma dattijon da ya ga ɗansa ya gama jami'a yana zaune da waya a hannu yana da dalilin damuwa. Sai dai abin da kake koyo yana da kasuwa fiye da ofishin jakadanci. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Nijar da Najeriya suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021, ga takardun kwastan da na kwangila da manyan ƴan kasuwar garin nan suke sa wa hannu da abokan hulɗarsu na Kano da Legas da Dubai. Mutumin da ya riƙe Hausa da Faransanci da Ingilishin shari'a a lokaci ɗaya yana da abin sayarwa a Maraɗi ko da bai taɓa taka ma'aikatar harkokin waje ba.

Don haka ka je ka zauna masa a shagon da zuciya ɗaya, kada ka je kamar wanda aka kora. Ka same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, in da hali tare da baffanka ko wani aminin nasa da yake jin maganarsa, ka ce masa ka karɓi shagon, kana roƙon ya bar maka awa biyu bayan sallar asuba da yammaci biyu a mako, na tsawon shekara ɗaya, sannan ku sake zama ku duba abin da aka samu. Idan wata takarda ta Ingilishi ta shigo shagon ko ta shigo wa maƙwabcinsa, kai ka karɓa ka karanta musu, ya gani da idonsa.

Wasiƙar da ta kayar da kai kuma, idan kana iya tuna abin da ke cikinta, ka zauna ka sake juya ta sau uku: sau ɗaya a matsayin roƙo cikin ladabi, sau ɗaya a matsayin kira mai ƙarfi, sau ɗaya a matsayin umarnin da ba a tsallakewa. Ka aiko mini da su ukun tare da shafukan farko na littafinka bayan wata guda, zan duba maka in mayar. Allah ya yi maka jagora, ya kuma sanya albarka a kasuwar mahaifinka.